Makin da Malam Harisu Ya Tara wa Maijidda

Ka taɓa ajiye wani abu shekara da shekaru, kana hana kanka taɓa shi, kana jiran ranar da zai yi wa wani naka amfani? In ka taɓa, to ka riga ka san rabin halin Malam Harisu Dabo, mutumin Dutsi da ke zaune a Daura, can bayan Kusugu.

Sana'arsa ba ta da rumfa a kasuwa. Rakiyar marasa lafiya yake yi zuwa Masar. In likitocin Katsina ko na Kano suka ce ƙoda ce, ko gwiwa ce sai an canja ta, ko ido ne ya fi ƙarfin gida, kuma 'ya'yan mai ciwon suna da abin hannu, sai a aika a kira Malam Harisu. Shi ne tafinta, shi ne mai tura keken majinyaci, shi ne mai neman ɗakin haya a Alƙahira, shi ne kuma mai rigima da direban tasi da Larabcin da ya koyo a Sudan yana saurayi. Ya kai tsofaffin Daura da Sandamu da Zango, har da na Magarya a tsallaken iyaka. Mafi yawansu ya dawo da su da ƙafafunsu. Wasu kuwa shi ya tsaya aka rufe su a can, ya dawo wa iyalansu da jaka da carbi.

Tikiti ba shi ke saya ba, masu majinyaci ne. Amma sunan da ke jikin tikitin nasa ne, kuma daga nan labarin ya taso. A shekarar 2012 wani ma'aikacin ofishin sayar da tikiti a Kano, Kalilu, ya dube shi ya ce:

"Malam, kai da kake wannan zirga-zirga, ba ka da katin maki?"

"Wane irin kati kuma?"

Kalilu ya yi masa bayani. Kamfanin jirgin da yake hawa, wanda ke yada zango a wata ƙasa kafin ya isa Masar, yana zuba wa fasinja maki a duk tafiya. In makin ya taru, sai a ba mutum tikiti kyauta. A lokacin maki dubu talatin da biyar ke kai mutum Alƙahira ya dawo da shi, sai ɗan harajin filin jirgi da bai kai kuɗin tunkiya ba. Kowace tafiya tana kawo kusan dubu uku. Kafin Kalilu ya rufe baki, Malam Harisu ya riga ya raba ya ninka a ka: tafiya goma sha biyu, tikiti guda. Ya ce a yi masa katin a take.

To a nan ne ya kamata a san gidan da ya fito. Mahaifinsa, marigayi Dabo, manomin gero ne da bai taɓa buɗe rumbu da kaka ba. Sai damina ta yi tsakiya, hatsi ya yi wuya, mudu ya ninka, sannan ake jin ƙarar murfin rumbunsa. Malam Harisu ma haka ya tashi. Duk kaka yakan sayi buhunan gero a kasuwar Mai'adua ya jibge a ɗakin zaure, ba ya waiwayarsu sai watan takwas, kuma bai taɓa faɗuwa ba. A saninsa, abin da aka ajiye tashi yake yi. Da ya sami maki, sai ya ɗauke shi gero.

Damar kashe shi ta zo, ba sau ɗaya ba. Shekarar da bayansa ya riƙe, Kalilu ya ce ya cire dubu goma sha biyar ya zauna a kujerar gaba mai kwanciya. Malam Harisu ya ce Allah ya kiyaye, ya shafa man zafi ya shige baya. Wata shekarar kuma matarsa Maijidda, tana ninke masa kaya, ta ce cikin wasa:

"Malam, wai ni Masar ɗin nan sai dai in riƙa jin ƙamshinta a jikin rigunanka?"

"Bari su ƙara kauri," in ji shi. "In yara sun girma mu tafi tare, ki zaga har ki gaji."

Taubashinsa Kabo, dillalin hatsi a Mai'adua, shi ne ba ya raga masa.

"Kai Harisu, wannan dukiya taka a wane rumbu take? Nuna mana mu duba ko gara ta shiga."

"A sama take, inda irinku ba sa kaiwa."

"To Allah ya sa kada hadari ya yi gaba da ita. Ni abin da ban ɗora a sikeli ba, ban yarda akwai shi ba."

"Yi mana shiru. Kai da ko Kazaure za ka sai an tara maka malamai."

Haka aka yi ta yi. Duk zuwansa Kano sai ya tambayi Kalilu nawa ya kai, ya riƙe adadin a ka, ya dawo gida yana murmushi shi kaɗai a mota.

A 2021 aka zo neman auren babbar 'yarsu, Raihana. Mai neman shi ne Hafizu, ɗan Daura da ke karatu a Alƙahira, wanda ya sha taya Malam Harisu neman ɗaki da ɗaukar kaya a can. Raihana ta gama kwalejin ilimi, ta ga yaro, yaro ya gan ta, sun daidaita kansu. Kowa ya yi murna. Maijidda ce kaɗai murnar ba ta kai mata ciki ba. Da la'asar, tana tsince shinkafa a tsakar gida, ta ce ba tare da ta ɗago ba:

"Malam, ni ba yaron na ƙi ba. Yaro ne mai hankali. Amma in yarinyar nan ta haihu a can, wa zai dafa mata ruwa? Wa zai dama mata kunun kanwa? Larabawa sun san wankan jego ne?"

"Yarinyar nan" take ce mata, don Raihana 'yar fari ce, ita kuwa Maijidda 'yar garin Babban Mutum ce mai tarbiyyar da. Ba ta kiran sunanta, ba ta yabonta a gaban mutane, ko ciwo yarinyar take yi sai dai ta tura ƙanwarta ta zauna da ita, ita kuma ta tsaya a bakin ƙofa tana saurare. Kwana arba'in ɗin jego ne kaɗai lokacin da za ta riƙe 'yarta da hannu biyu, ta gasa mata jiki, ta ba ta abinci a baki in ta ga dama, babu mai yi mata dariya. Shekara ashirin da uku tana jiran waɗannan kwanaki.

Malam Harisu ya shiga ɗaki ya fito da katin.

"Kin ga wannan? Maki ya kusa dubu ɗari da ashirin a ciki. Ni da ke, zuwa da dawowa, dubu saba'in ne. Abin da ya rage ma ya isa ki sake komawa yaye. Ranar da aka ce ta kusa, da hannuna zan ɗaura miki bel ɗin kujera."

"Ka yi alkawari?"

"Na yi."

Ta juya katin gaba da baya, ta miƙa masa, ta ce Allah ya sanya alheri. A kan wannan magana aka ɗaura aure, aka kai amarya filin jirgin Kano.

Daga nan sana'a ta fara ja da baya. Naira ta faɗi, dala ta hau, masu kai iyayensu Masar suka koma kai su Kano, wasu suka koma gida da addu'a. A 2022 tafiya biyu ya yi. A 2023 ko ɗaya. Ya koma ga geronsa da koyar da Larabci a wata Islamiyya ta unguwa. Makin kuwa bai dame shi ba. Dubu ɗari da ashirin da huɗu ne a lissafinsa na ƙarshe, suna nan kwance, ba sa cin abinci ba sa shan ruwa.

Ana cikin azumin 2024 Hafizu ya bugo waya, ya yi ta kewaye-kewaye irin na suruki kafin ya ce Raihana ba ta jin daɗi, likita ya ce sai wajen ƙarshen watan takwas. Dawowa gida haihuwa ba ta taso ba, kuɗin ɗalibi ba zai ɗauka ba.

Washegari gidan ya canja. Aka je Katsina aka yi wa Maijidda fasfo, ta dawo tana ƙorafin hoton ya mai da ita kamar wadda aka kama da akuyar mutane. Ta aika wa yayanta a Babban Mutum ya samo mata kanwa ungurnu mai kyau daga Nijar. Ta tara matan unguwa aka yi dakan yaji, citta da kanumfari da masoro da kimba, har maƙwabta suka yi ta atishawa suna sa albarka. Ta shanya ganyen darbejiya a inuwa don kada ya ƙone. Garin kunu, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, zanen goyo na saƙi da ta ajiye a ƙasan adaka tun bikin yarinyar, duk suka fito. Ta aro ƙaramin sikeli wajen Kabo, don an gaya mata jaka ba ta wuce kilo ashirin da uku. Ta cire wannan, ta mayar da wancan, ta sake aunawa.

Tambayoyi kuwa ba sa ƙarewa.

"Malam, in jirgin ya tashi, ta ina ake gane alƙibla?"

"A zaune za ki yi sallarki, Allah ya san inda kike."

"In fitsari ya kama mutum fa?"

"Akwai banɗaki."

"A sama? To ina yake zuba?"

"Daidai kan gidan Kabo ake saki."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Rabon da ya ji irin wannan dariya tata tun kafin a kai Raihana.

Duk wannan shiri da ake yi, Malam Harisu bai je Kano ba. Ba mantuwa ya yi ba, ba kuma sakaci ba ne a ganinsa. Mutum ba ya buɗe rumbu sai ranar awo ta zo. Sai da watan bakwai ya raba sannan ya sa farar shaddarsa, ya ɗauki fasfo biyu da kati, ya hau motar Kano.

Kalilu ya yi furfura a gemu, ya sami teburinsa na kansa. Suka gaisa, aka tambayi iyali, aka yi kukan tsadar rayuwa. Sannan Malam Harisu ya ajiye katin a kan tebur kamar mai ajiye sadaki.

"Mutum biyu, ni da mai ɗakina. Ashirin ga watan takwas."

Kalilu ya danna na'ura. Ya sake dannawa, ya matso da fuskarsa.

"Malam, yaushe rabonka da duba makin nan?"

"Me zan duba? Dubu ɗari da ashirin da huɗu ne."

"Dubu hamsin da takwas ne."

"Sake duba sunan. Harisu Dabo."

"Shi ne, Malam. Ga ranar haihuwarka nan."

"To sata aka yi."

"Ba sata ba ce, doka suka canja bara. Duk makin da ya daɗe ba a taɓa shi ba, yana zubewa wata-wata. Sun ce sun aika wa kowa sanarwa ta intanet."

"Wa suka tambaya kafin su canja?"

"Ba sa tambaya. Su ke bayarwa, su ke yanka masa daraja."

Malam Harisu ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya tuna ciwon bayan nan, da dararen da ya yi a kan benci a filin da ake canja jirgi. Amma mutum ne mai saurin nemo hanya, bai tsaya jimami ba.

"Shi ke nan, ni na haƙura. A yankar mata ita kaɗai, Hafizu ya tare ta a can. Cire dubu talatin da biyar."

"Yanzu dubu saba'in ne."

"Na mutum biyu ke nan."

"Na mutum ɗaya."

Kalilu ya juyo masa da fuskar na'urar don ya gani da idonsa. Dubu goma sha biyun da suka gaza, ana iya saye, amma da dala. Bayan wannan akwai ƙarin kuɗin mai, akwai haraji, akwai wani caji da kamfanin ya sa wa sunansa kawai, su ma da dala. Da aka juya duka zuwa naira, tikitin kyautar ya tashi miliyan ɗaya da 'yan kai.

"Kalilu, kyautar ke nan?"

"Ita ke nan, Malam."

Ya rufe ido ya shiga ɗakin zaurensa a zuci. Buhu goma sha biyu na gero. In ya sayar duka a farashin makon, ya haɗa da ɗan abin da ke hannunsa, zai kai, da ƙyar. Gidan zai shiga kaka babu ajiya, amma gero ana sake nomawa.

"Zan sayar da hatsina. Riƙe mata kujera, jibi in dawo da kuɗi."

Kalilu ya sake dannawa, kuma wannan karon ya daɗe. Ya duba ashirin ga wata, ya duba ashirin da biyar, ya shiga watan tara ya fita.

"Malam, kujerar maki babu. Biyu kawai suke warewa a kowane jirgi, kuma an kwashe tun watanni. Da ka zo da azumi, da an samu. Ta farko da nake gani, tsakiyar watan goma."

"Jirgin ya cika ne?"

"Bai cika ba. Ga kujeru nan fiye da sittin. Na masu biya da kuɗi ne."

"Nawa?"

Kalilu ya faɗa. Ya kusa ninka abin da geron zai kawo.

Malam Harisu ya ƙirga a yatsu, daga ƙarshen watan takwas zuwa tsakiyar watan goma. Ya sake ƙirgawa ko zai sami kuskure. Babu. Ranar da kujerar za ta samu, an riga an yi arba'in, an sauke tukunyar wanka.

Bai wuce gida kai tsaye ba, sai da ya biya ta wajen Kabo. Ya zayyana masa komai yana jiran tsiyar da ya san ya cancanta. Kabo ya saurara har ƙarshe, ya ɗauki waya ya kira dillalai biyu ya ji farashi, ya sa wa geron kuɗin da ya fi na kasuwa, ya ƙara da abin da ke aljihunsa. Suka haɗa, bai kai ba, ko kusa. Kabo ya dube shi ya ce:

"Sannu, ɗan'uwa."

Tun suna yara bai taɓa ce masa ɗan'uwa ba. Da ya yi masa dariya ma da ya fi sauƙi.

Ya tarar da Maijidda a tsakar gida tana ɗinke bakin jaka ta biyu da basilla. Ya zauna a kan turmi ya faɗa mata duka, bai rage ba, bai ƙara ba. Hannunta bai tsaya ba. Ta kai ƙarshen ɗinkin, ta ƙulla, ta yanke zaren da haƙori.

"To," ta ce.

"Maijidda, ki ce wani abu mana."

"Me zan ce, Malam? Kai ka cinye su?"

"Da na zo da azumi, an samu. Da ma na kai ki tun shekarar da kika tambaya."

"Da na ga Masar babu jika a cikinta."

Ta miƙe ta ja jakar zuwa ɗaki ita kaɗai, ta ƙi ya kama mata. Daga ranar ta daina fita. Suna biyu aka yi a unguwa ba ta leƙa ba, don duk inda ta sa ƙafa tambayar guda ce: Hajiyar Masar, yaushe ne tafiyar?

Ana cikin haka, sai ga aiki ya zo, na farko cikin shekara biyu. Wani ɗan kasuwa daga Zango, Alhaji Lawal, yana son a kai mahaifiyarsa Hajiya Rabi a yi mata aikin gwiwa, kuma a ƙarshen watan takwas. Malam Harisu ya ga daidai lokacin haihuwar ne. Ya haɗiye kunya ya ce:

"Alhaji, wata alfarma nake nema. Tikitin da za ka saya mini, a sa sunan mai ɗakina. Mace ce, za ta fi ni iya kula da Hajiya. Surukina yana can, ya fi ni Larabci, shi zai yi duk zirga-zirgar asibiti. Ladan aikin ma na yafe."

Alhaji Lawal ya ce: "Malam, wallahi na ji maka. Amma Hajiya ba ta taɓa hawa jirgi ba, iyalinka ma haka. A filin da ake canja jirgi, wa zai riƙe wani? Uwa ce, Malam. Don kai muka zo."

Malam Harisu ya san da shi ne ma haka zai faɗa. Ya dawo gida ya gaya wa Maijidda ba zai karɓi aikin ba, ba zai iya taka Alƙahira ya bar ta a Daura ba.

"Za ka je," in ji ta. "Yajin nan ba shi da ƙafa."

Da ya koma wajen Kalilu karɓar tikiti, sai wata ta sake ɓullowa. Tikitin mai rahusa ne, jaka ɗaya kawai aka yarda masa, kuma kayansa da takardun asibitin Hajiya sun cinye ta. Jakunkunan Maijidda biyu sai an biya musu daban.

"Da dala, ko da maki," in ji Kalilu a hankali. "Dubu ashirin da biyar kowace jaka."

Malam Harisu ya dubi katin da ya shekara goma sha biyu a aljihunsa, har rubutun jikinsa ya koɗe.

"Cire."

Tafiya arba'in da ɗoriya, ciwon baya, kwanan benci, duk suka tashi a jaka biyu.

Maijidda ba ta raka shi tasha ba. A bakin zaure ta tsaya tana ba shi saƙo: ruwan ya tafasa sosai, kada a sirka shi da yawa, safe da yamma, kanwar kaɗan ake sawa, kada yarinyar nan ta sha ruwan sanyi ko da Larabawa sun ba ta. Ya ce to, to, to.

A cikin jirgi ya sunkuya ya ɗaura wa Hajiya Rabi bel, tsohuwar tana ta sa masa albarka, tana cewa Allah ya ba matarsa ladan haƙurin rashinsa. Da jirgi ya daidaita a sama, ya tashi kamar mai zuwa banɗaki, ya bi layi yana ƙirga kujerun da babu kowa. Talatin da ɗaya. Ɗaya tana daidai gefensa, an ɗora mata bargo a naɗe.

Raihana ta sauka lafiya bayan isarsa da 'yan kwanaki, namiji, aka sa masa Abdulmuhaimin. Wankan kuwa, wata matar ɗalibi 'yar Maraɗi mai suna Adawiyya ce ta zo ta yi mata na safiya uku, sannan nata ɗan ya kwanta zazzaɓi ta daina zuwa. Daga nan Raihana ke tara ruwan zafi a bokiti a ɗan banɗakinsu, ta jefa ganyen da uwarta ta shanya, ta yi wa kanta. Kunun ma ita ke damawa, waya a jingine da tukunya, Maijidda na gyara mata daga Daura in layi ya yarda. Malam Harisu yana asibiti wajen Hajiya Rabi yawancin lokaci. In ya zo gidan, a falo yake zama da Hafizu, a miƙo masa jaririn ya yi masa addu'a, a mayar.

Bayan mako uku ya dawo Daura da rana tsaka. Maijidda ta kawo masa ruwa, ta kawo abinci, ta jira ya ci. Sannan ta zauna a bakin tabarma.

"Cibiyar ta faɗi da wuri?"

Bai sani ba.

"Maɗigarsa fa, tana bugawa daidai?"

"Ban duba ba."

"Yarinyar nan fa, ƙafafunta sun saɓe? Nonon ya zo sosai? Tana cin abinci, ko tsakura take yi irin yadda ta saba?"

"Maijidda, waɗannan ai ba tambayar uba ba ce."

"To me ka gano mini?"

"Kilo uku da ɗigo biyu aka haife shi. Likita ya ce..."

"Ban tambaye ka kilo ba, Malam."

Mutumin da ya san kuɗin tasi daga kowace unguwa ta Alƙahira zuwa kowane asibiti ga shi bai san ko cibiyar jikansa ta faɗi ba. Can ta ce:

"Wace riga ce a jikinka ranar da ka ɗauke shi na ƙarshe?"

Ya nuna mata wata ruwan toka a cikin jaka. Ta zaro ta, ta ware ta daga kayan wanki, ta shige ɗaki da ita. Ta labulen da iska ta ɗaga ya hango ta tsaye, ta tusa fuskarta a ƙirjin rigar, kafaɗunta suna rawa. Ya tashi ya koma zaure ya zauna wajen buhunan geronsa, har aka kira la'asar.

Malam Harisu yana nan a Daura. In aiki ya zo yana zuwa, sai dai yanzu tafiyar da ke kawo dubu uku rabin haka take kawowa, abin da ya rage a katin kuma yana ci gaba da zubewa. Abdulmuhaimin ya fara tafiya, kakarsa tana ganinsa a waya, shi kuma yana miƙo hannu ya dangwali gilashi. Hafizu yana da sauran karatu. Fasfon Maijidda ko tambari ɗaya babu a cikinsa.

In kana da irin katin nan, ko wani naka yana da shi, kada ka yarda da adadin da ke kanka. Gobe da safe ka je ofishinsu ko ka buɗe wayarka, ka zaɓi mutum guda da kake so, ka zaɓi rana, ka bi har shafin ƙarshe inda suke rubuta abin da za ka biya da kuɗinka. Ka gwada ka gani. In ya isa, ka yankar masa tikitin a ranar, ko da babu haihuwa babu biki.